Fostar fim marar tarkace: gwaninta ce ko lalaci?

Ɗan_Kurna:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu harkar zane da mayun kallo ku matso mu warware wata magana. Wai fostar fim ɗin nan da za ka ga abu ɗaya tal a kanta, bango kala ɗaya, sai sunan fim, ragowar duk fili, da gaske ta fi wacce ake jera fuskokin jarumai goma a kai, ko dai mu masu zane ne kawai muke ruɗin kanmu saboda ta fi yi mana kyau a ido?

Dalilin tambayar, ina ɗan taɓa Photoshop, yawanci katin biki da fostar 'yan makaranta, to sai wasu samari suka kawo min aikin gajeren fim da za su ɗora a YouTube, labarin yarinya ce da aka kawo aikatau birni ta ɓata. Ni abin da ya zo min a rai silifas ƙafa ɗaya yashe a bakin titi, sai suna da farin rubutu, shikenan. Furodusan yana gani ya ce toh ina mutanen? Wai kowa yana son ya ga kansa har wanda ya ba su aron gida, kuma wai in mutane suka ga fili haka za su ce kuɗin ne bai isa ba aka tsaya a rabi. Na rasa me zan ce masa dan ni kaina ban da hujja, kawai dai na san tawa ta fi kwanta min. Wanda ya san abin ya taimaka da bayani, ba wai "ta fi kyau" kawai ba, me take yi wanda ɗayar ba ta yi?

Baban_Majigi:

Wa'alaikumussalam ɗana. Ni na yi kallo tun lokacin su Plaza da Eldorado da Marhaba, kuma fostocin Indiya da muka taso da su cike suke maƙil, jarumi da bindiga, jaruma tana kuka, bos yana zare ido, mota tana ci da wuta a ƙasa, duk a takarda ɗaya, kuma muna son abinmu. Saboda haka ba raina mai cika ba nake yi. Amma tunda hujja ka nema bari na ba ka.

Mai wucewa a titi ba karanta fosta yake ba, kallo ɗaya yake mata ya wuce. In ka ba shi abu goma ba zai tafi da ko ɗaya ba, in ka ba shi ɗaya zai kai shi gida. Wannan shi ne abin da wani Ba'amurke mai suna Saul Bass ya gane tun shekarun 1950, lokacin da kowa a Hollywood yake zana fuskar jarumi da jaruma suna kallon juna. A 1955 darakta Otto Preminger ya ba shi aikin The Man with the Golden Arm, fim ne a kan ɗan ƙwaya mai yi wa kansa allura, Frank Sinatra ne jarumin kuma a lokacin sunansa kaɗai ya isa ya cika silima, amma abin da Bass ya sa a tsakiya wani baƙin hannu ne karkatacce kamar an kakkarya shi. Kana gani ka san mai hannun nan ba lafiya ba. A 1958 ya yi wa darakta Hitchcock fostar Vertigo, bango ja-ja mai ruwan lemo, fararen layuka suna juyawa, mutum yana faɗawa ciki, kafin ka karanta komai jiri ya fara ɗibanka, kuma fim ɗin dama a kan mai tsoron tsayi ne. A 1959 kuma Anatomy of a Murder, gawa ce baƙa da aka yanka da takarda gunduwa-gunduwa aka jera, aka rubuta sunan fim a jikinta.

Ka lura da kyau, a duk ukun nan ba rage kaya kawai ya yi ba. Zama ya yi ya gano mene ne cikin fim ɗin, sannan ya nemo sura ɗaya da za ta ɗauke shi. Nan wahalar take. Jera fuskoki kowa zai iya, ka yanko hotuna ka ɗora babba a sama ƙanana a ƙasa ka zuba hayaƙi a gefe, an gama. Amma ka ce abu ɗaya zan zaɓa na zubar da tara, sai wanda ya fahimci labarin.

Ɗauki Jaws ta 1975 ma, wacce Roger Kastel ya zana, asalinta ma bangon littafi ce kafin a ɗauke ta a sa wa fim. Mace tana iyo a sama ba ta san komai ba, ƙaton kifin shak ya taso daga ƙasa baki buɗe, ruwa ne kawai a tsakaninsu, suna da jan rubutu. Wannan filin da ke tsakani da furodusanka zai ce ɓarnar takarda ce, shi ne tsoron gaba ɗaya, dan kai ka ga abin da ita ba ta gani ba. Cika shi da fuskokin 'yan wasa ka ga in wani abu zai rage.

Oga_Bugu:

Baba Allah ya ƙara girma, amma yau kam sai na ɗan ja da kai. Ni a wajen buga takarda nake cin abinci, na buga fostar fim tun ana kai kaset Ƙofar Wambai, kuma wallahi abin da dila yake fara tambaya shi ne wa da wa ke ciki. Bai taɓa tambayar ma'anar zane ba. Matar da za ta aiko yaro ya karɓo mata haya ba sunan fim take faɗa masa ba, cewa take ka karɓo min na wane. Toh in babu fuskar wanen a jiki yaron ya gane ta yaya? Kar mu manta kuma da yawa cikin masu sayen ba sa karanta boko, fuskar ita ce rubutun.

Kuma misalan da ake kawowa kullum akwai ha'inci a ciki. Za a ce maka dubi Batman ta 1989, tambarin jemage ne kawai baƙi da ruwan gwal sai kwanan wata 23 ga Yuni, ko sunan fim ba su rubuta ba, kuma har sace ta aka riƙa yi daga tashoshin bas. Eh gaskiya ne. Amma Batman tun 1939 yake fitowa a littattafan barkwanci, shekara hamsin cur yara da iyayensu sun san tambarin nan, ga Warner Bros. da kuɗin talla a talabijin da riguna da kayan wasa ko'ina. Wanda duniya ta riga ta sani shi ne zai iya yin shiru a gane shi. Haka Jurassic Park a 1993, ƙwarangwal ɗin dainoso a cikin da'ira, ai littafin ya riga ya yi kasuwa tun 1990 da wannan ƙwarangwal ɗin a bangonsa, ga sunan darakta Spielberg. Yaran Ɗan_Kurna wa ya san su? Silifas ɗin nan zai iya zama tallan kamfanin takalmi a idon mai wucewa, yi haƙuri ƙanina ba zagi ba ne.

Sannan Baba, fostar hannun nan ta 1955 da ka faɗa, je ka sake dubawa, akwai ƙananan hotunan Sinatra da jarumai mata biyu na fim ɗin a jikinta. Ko Saul Bass ɗin bai tsira daga masu kuɗi ba hhh.

Abu ɗaya da zan yarda da shi ta fannin sana'ata, in a injin ofset za ka buga da yawa, kala biyu ta fi kala huɗu sauƙin kuɗi saboda kowace kala farantinta daban. Amma ka sani fili mai kala ɗaya ba ya ɓoye aibi, in tawada ta yi rauni ko injin ya ja layi a kan baƙin bango kowa sai ya gani, alhali mai tarkace ko an samu matsala ba mai lura. In fileks ne kuma girma ake biya, ko ka cika ko ka bari fayau kuɗin ɗaya ne, shi ya sa furodusa yake ganin kamar an cuce shi.

Zongo_Boy_Kumasi:

Hhhh ku zo Ghana ku ga kishiyar abin da kuke magana. Daga ƙarshen shekarun 1980 masu yawo da bidiyo ƙauye-ƙauye, talabijin da janareta a mota, suna sa masu fenti su zana musu fosta a kan buhun fulawa da aka ɗinke. Wani mai zanen ko fim ɗin bai kalla ba, sai ya ƙara jini da maciji da kai a yanke da damatsa irin na masu ɗaga ƙarfe, abin da babu shi a fim ɗin kwata-kwata, dan dai mutane su biya su shiga. Yanzu Turawa ne suke bi suna saye suna ratayewa a gidajen baje kolin zane. Toh wa ya ce tarkace ba fasaha ba ce?

Maman_Haidar:

Sannunku. Ni ma aikin nan nake yi, na fi yi wa masu sayar da kaya a Instagram amma na taɓa na fim. Oga ka faɗi gaskiya rabi, sai dai zancen dila da kaset ai ya wuce, fim ɗin yaran nan ba bango za a manna shi ba, a waya za a gan shi, kuma girman hoton bai wuce babban yatsa biyu ba, mutum yana jan allo da gudu yana tsoron data. A wannan girman fuska goma ba fuska ba ce, ɗige-ɗige ne. Ku buɗe YouTube yanzu ku duba masu dogon zangon namu, kusan duk iri ɗaya, mutum shida bakwai a jere kamar motar kasuwar ƙauye da aka yi wa lodi, rubutu rawaya mai baƙin gefe, lambar kashi a lungu, har ba ka iya bambance na wannan tasha da na waccan sai ka karanta. Wanda ya zo da abu ɗaya mai fili a tsakiyar wannan cunkoson shi ido zai tsaya a kai, ba dan ya fi kowa iyawa ba sai dan ya bambanta.

Netflix ma sun faɗi abin da suka gano a 2016 bayan sun gwada hotuna kala-kala a kan fim ɗaya, cewa da zarar mutanen da ke hoton sun wuce uku masu dannawa suna raguwa, sannan fuskar da ke nuna wani yanayi a fili, tsoro ko fushi ko mamaki, ta fi jan mutane. Kun ga wannan bai ba Baba gaskiya duka ba, bai ba Oga ba. Fuska tana aiki, taron fuskoki ne ba ya aiki. Kuma taƙaitawa ba dole sai an cire mutum ba, fuska ɗaya da fili a gefenta ita ma taƙaitawa ce.

Maganar cewa sai sananne ne zai iya, ban yarda ba. Alien ta 1979 fa? Ba ci gaban wani fim ba ne, ba littafi, jarumar Sigourney Weaver a lokacin kusan ba wanda ya san ta a fim, sai suka sa ƙwai ɗaya a cikin baƙin duhu ya tsage koren haske yana fita, da layi ɗaya na rubutu. Ƙwan ma bai yi kama da na cikin fim ɗin ba. Da sun jera 'yan wasan me za su samu? Ni a ganina wanda ba shi da tauraro shi ya fi buƙatar wannan salon, dan fuskar da ba a sani ba ba ta sayar da komai, gara ka sayar da tambaya. Mutum ya ga silifas ƙafa ɗaya ya ce ina mai shi, ina ɗayan, toh ka riga ka kama shi.

Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, yawancin fostocin Amurka masu kawuna rututu ba mai zane ne ya so haka ba, lauyoyi ne. A kwantiragin jarumi ake rubuta girman sunansa idan aka kwatanta da sunan fim, da wanda zai zo farko, wani har da cewa in an sa hoton wane dole a sa nawa daidai girmansa. Shi ya sa rubutun ƙasan nan yake da sirara dogayen haruffa, tsayi ake cikawa a matse faɗi dan kowa ya shiga. A 1974 fim ɗin The Towering Inferno mai manyan jarumai biyu, sai da aka sa sunan Steve McQueen a hagu amma ƙasa-ƙasa, na Paul Newman a dama amma sama-sama, dan kowa ya ce shi ne farko. A 2019 fostar Avengers: Endgame ta fito da hoton jaruma Danai Gurira amma babu sunanta a jerin sama, mutane suka yi ca sai da Marvel suka sake fitar da gyararriya. Wato matsalar furodusanka ta mai aron gida, ita ce dai a can, kawai tasu da dala ake yin ta.

Shawarata ƙanina, yi biyu. Su ma can haka suke, akwai ta farko mai jan rai da ake saki tun fim bai fito ba, akwai ta biyu mai kowa da kowa. Ba shi mai fuskokin ya tura wa 'yan wasa su sa a sitatus ransu ya yi daɗi, taka kuma a sa a kan bidiyon. YouTube yana nuna wa mai tasha kashi nawa cikin waɗanda suka ga hoton suka danna, ku gwada wannan ku gwada waccan, lamba ta raba gardama.

Ɗan_Kurna:

Kai Anti Allah ya saka da alheri, wallahi maganar lauyoyin nan ban taɓa ji ba. Oga kai ma na gode, zancen tallan takalmi ya ɗan sosa ni amma na ɗauka hhh. Toh amma ga wata, ina ganin wasu a intanet suna sake zana fostocin tsofaffin finafinai da abu ɗaya, hula kawai ko tabarau ko wuƙa, suna da kyau sosai har mutum ya ji kamar ya rataye a ɗaki, irin su nake kwaikwayo gaskiya. Su ma ai hujja ce ko?

Baban_Majigi:

A'a ɗana, nan ne ma nake so ka yi hattara. Waɗancan ba talla ba ne, ado ne na wanda ya riga ya kalla. Akwai kamfanin Mondo da ya taso a Austin ta jihar Texas, sana'arsu kenan, suna sa masu zane su sake yi wa tsofaffin finafinai fosta su buga kaɗan masoya su yi rububi, wani ɗan Ingila Olly Moss ya yi suna da na Star Wars da ya yi musu a 2010. Suna da kyau ba musu. Amma daɗinsu yana zuwa ne daga ganewa, ka ga hular ka ce au wane ne, ka yi murmushi. Wanda bai kalla ba hula kawai ya gani. Kai kuma mutumin da kake nema bai kalla ba, bai ma san da fim ɗin ba. Saboda haka gwajin da za ka yi, nemi wanda bai san labarin ba, mai shayi ko ƙanwarka, nuna masa na ɗan lokaci ka kife wayar, ka tambaye shi wane irin fim ne, na dariya ne ko na kuka ko na tsoro. In ya ce na tausayi ne, wani abu ya samu yarinya, toh ka ci. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, ba laifinsa ba ne, zanen ne bai yi magana ba, wataƙila sai ka ƙara inuwar yarinyar ko farantin talla a kife kusa da silifas ɗin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Oga kuma na karɓi gyaran hotunan Sinatra, amma tambayi duk wanda ya san fostar me ya tuna, hannun zai ce maka. Kuma wanda yake ganin aikin lalaci ne ya nemi labarin Bass da darakta Stanley Kubrick a kan The Shining ta 1980, zane bayan zane yana kawowa Kubrick yana mayar masa da ƙorafi a rubuce da hannunsa a jikin takardar, wannan yana da wuyar karantawa, wancan ya yi kama da fim ɗin kimiyya, kafin su tsaya a kan rawayan bango da wata fuska a firgice a cikin haruffan kalmar farko.

Akwai kuma masu zanen ƙasar Folan (Poland) na zamanin kwaminisanci, wanda ni a wajena su suka fi kowa. Gwamnati ce ke rarraba finafinai, ba gasa, ba dila mai tambayar wa ke ciki, sai aka bar masu zane irin su Henryk Tomaszewski da Jan Lenica suka yi yadda suke so, fim ɗin Amurka zai zo su ajiye fostarsa su zana tasu da sura ɗaya mai kama da mafarki. Har gidan tarihin fosta suka buɗe a Wilanów cikin Warso a 1968. Sai dai wannan hujjar Oga ce ba tawa ba, na sani, dan da kasuwa ta buɗe bayan 1989 kamfanonin waje suka shigo da nasu fostocin, salon ya ja baya.

Oga_Bugu:

Yauwa Baba, ka faɗa da bakinka. Inda ba a neman kuɗi kowa gwani ne. Hajiya kuma na yarda da zancen waya, mu tsofaffin hannu har yanzu bango muke gani a kanmu. Amma ku bar ni da Barbie ta 2023, allon talla guda ruwan hoda fayau ba hoto ba suna sai 21 ga Yuli a lungu, kowa yana ta yabo wai basira. 'Yar tsanar nan tun 1959 ake sayar da ita, kalar ma kaɗai ta zama tata. Ni in na kawo wa kwastoma wannan sai ya ce inji ne ya lalace na biya shi takardarsa.

Zongo_Boy_Kumasi:

Tunda an dawo kan Batman ɗin can, dan Allah ni kaɗai ne? Ina yaro akwai shi a jikin rigar yayana, na fi shekara ina ganin buɗaɗɗen baki da haƙoran gwal, sai da wani ya bi gefen da yatsa ya ce kalli baƙin ba rawayan ba sannan jemagen ya fito.

Maman_Haidar:

Ba kai kaɗai ba ne, tun fitowarta mutane da yawa haƙora suka gani. Ni yanzu da ka faɗa ma na buɗe na duba, sun dawo, na kasa ganin jemagen. Allah ya isa hhhh